Wutsiyar da Na Ƙara wa Shela

Na ji ɗayanku, ku samarin da kuke karanta sanarwa a gidan rediyo, yana cewa aikin mai shela ba komai ba ne illa maƙogwaro da rashin kunya. Ban ga laifinsa ba. Shi takarda ake miƙa masa, ya zauna a ɗaki ya karanta, in ya yi kure gobe ya dawo ya ce a gafarce shi. Ni na fi shekara talatin ina zaga birnin Sakkwato da ƙafa kafin a kawo akwatin magana. Zan gaya muku yadda aikin yake, da kuma yadda na ɓata shi sau ɗaya.

Shelar farko da aka bar ni na yi da bakina ta yasar rijiya ce, kuma sai da na shekara biyu a hannun Kawu Labbo, ƙanin mahaifiyata, kafin ya yarda. A shekarun nan biyu bai koya mini ɗaga murya ba. Da safe zai gaya mini magana mai tsawo, da sunaye da ranaku a ciki, sannan ya aike ni itace ko ban ruwan jaki. Bayan la'asar ya ce, "Maido min." In ya ce gobe na ce kashegari, sai mu koma farko. Yakan ce, "Kai ba mai magana na ba, kai tulu na. Abin da anka zuba maka shi kaka kaiwa."

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙuge, ƙarfe ne mai baki biyu da ake bugawa da ƙahon barewa. Ƙuge na fada ne, ba nawa ba. Ba a buga shi sai in maganar daga fada ta fito, saboda haka duk wanda ya ji ƙararsa ya san ba ni ke magana ba. Sai murya. Ba na shan ruwan randa da safe, ba na cin goro sai na gama zagaye, kuma kullum da citta a aljihuna. Sai sanin wuri. Matsaya tara muke da su, daga ƙofar fada zuwa kasuwa, zuwa kara inda ake cinikin shanu, a bi ta Ƙofar Marke, a ƙare a Ƙofar Kware. A kowace matsaya akwai inda ake tsayawa: iska a bayanka, katanga a gabanka, don murya ta daki ƙasa ta faɗa cikin gidaje. In ka buga ƙuge sai ka jira taɓare su yi shiru, domin shelar da mata ba su ji ba, ba a yi ta ba. Sau uku ake faɗa a kowace matsaya. Babbar doka kuwa ita ce, abin da aka ji a kasuwa shi za a ji a Ƙofar Kware, ba ragi ba ƙari. In matsaya biyu suka ji magana biyu, gari ya rabu ke nan.

Lokacin da na karɓi ƙuge daga hannun Kawu, Turawa ba su daɗe da zama ba. Da, abin da muke faɗa shi ne ganin wata, da gyaran ganuwa, da ranar fita roƙon ruwa. Sai aka ƙara mana haraji, da aikin hanya, da ƙidayar gidaje. Magana takan fito daga bakin Bature, ta bi ta tafinta, ta shiga fada, sannan wani tsohon bafade da muke kira Baba Sambo ya fito ya gaya mini. Mutane suka fara ɓata rai in sun ji ƙarfe, amma fitowa dole.

Akwai wani abu guda da muke yi wanda ba a ba mu ba, amma kowa ya san da shi. Muna ce masa wutsiya. Kowace irin shela tana da 'yar maganar da ake rufe ta da ita tun zamanin kakanni. In ta gobara ce, a rufe da cewa mata su kashe wuta kafin su bar murhu. In ta damina ce, a ce mai akuya ya ɗaure akuyarsa. In ta sata ce, a ce mai baƙo ya kai baƙonsa wurin mai unguwa. Baba Sambo bai taɓa faɗa mini wutsiya ba, bai kuma taɓa hana ni ba. Ta zauna a baki kamar amin bayan addu'a.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta yunwa. Ruwa ya ɗauke gero yana bunni, dawa ba ta kai ko'ina ba, fadamun shinkafa suka tsage. Mutanen ƙauye suka kwararo birni da ƙwarya a hannu. Kowane zaure ya cika da baƙi, manoma ne masu mutunci a garuruwansu, sun dawo suna neman aikin da za a biya su da dusa. Kullum ana fita da gawa, har mutane suka daina tambayar ta wane ne.

A cikin wannan hali, wata Laraba bayan azahar, aka tsinci Alu dillalin shanu a bayan shingen kara. An yanka shi. Yana kwance ta gefen hagu, fuskarsa na duban gabas, ba a taɓa rigarsa ba, ba a ɗauki komai a jikinsa ba. Alu sananne ne, mutum mai fara'a, ba ya wuce kowa bai tsokane shi ba. Da la'asar Baba Sambo ya fito ya same ni a ƙofar fada.

Ya ce, "Ka ce an iske Alu dillali an yanka shi bayan shingen kara. Wanda duk yag ga wani abu, ko yaj ji, shi zo gaban alƙali."

Na ce, "Shi ke nan, Baba?"

Ya ce, "Shi ke nan. Tahi."

A matsaya ta farko na faɗa yadda aka ba ni. A ta biyu, tsakiyar kasuwa, na faɗa na yi shiru, sai na ga mutane ba su motsa ba. Suna tsaye suna jiran ƙarshe, don sun saba shela ba ta ƙarewa haka. Kisan kai ba shi da wutsiya tasa, Kawu bai taɓa koya mini ita ba, domin shi kansa bai taɓa yin shelar irinsa ba. Wadda ta fi kusa ita ce ta sata. Ban yi shawara da zuciyata ba. Na dai ji bakina yana cewa, "Kuma mai baƙo shi kai baƙo nai ga mai unguwa."

Nan take kasuwa ta ɗauki guna-guni. Na ji wata mai fura tana cewa, "Ashe baƙo na!" Na gane abin da na yi tun ban sauke ƙaho ba. To amma an riga an ji a kasuwa, kuma doka ta ce abin da aka ji a nan shi za a ji ko'ina. Saura matsaya bakwai. Na faɗa a duk bakwai ɗin, sau uku-uku, da ƙuge.

Akwai wani manomi da ake kira Arzika, daga ƙauyukan arewa ya zo shi da matarsa. Na san shi da ido. Ruwa yake ɗauko wa mahauta, ya wanke musu hanji, su ba shi abin da ya rage a faifai. Rigarsa guda ce, kuma jini ya rina ta kamar ta duk wanda ke aiki a mahauta. A wani zaure yake kwana a Ƙofar Marke. Mai gidan ya ji shela, ya yi abin da aka ce, ya sa shi gaba za su gidan mai unguwa. Ba su kai ba. Wani ya ga rigar ya yi ihu. Ni ban ga dukan ba, ina Ƙofar Kware a lokacin. Washegari na ga wurin, an zuba toka a kan jinin. Dogarai ne suka ƙwace shi, hannun dama a karye, ido ɗaya ya tafi. Suka kai shi gidan yari, kuma da ba su kai shi ba da bai kwana da rai ba.

Ku da kuke aikin labari, ku lura da yadda magana ke girma in an sake ta. Ranar Alhamis cewa ake baƙo ya yanka Alu. Ranar Juma'a aka ce ya cire hanta ya gasa. Kafin Lahadi akwai waɗanda suka rantse sun san ƙauyensa, wai can ma mutum uku ya yanka. Aka ce wuƙar ba ta da kaifi, sai da ya yi ta gurzawa Alu yana salati. Mai kalangun mahauta ya haɗa waƙa a kai, yara suka ɗauka, mata suka sa ta a daka. Abin da na fi lura da shi shi ne fuskokin mutane. Sun saki. Wata da watanni yunwa tana ɗauke musu 'ya'ya, ba wanda za su kama su doka. Yanzu sun samu mutum mai suna, mai riga, wanda ba ɗan kowa ba ne a garin. Masu gidaje suka kori baƙi daga zauruka, aka ce tsaro ne.

Na sami Baba Sambo na gaya masa cewa maganar baƙo ba ta cikin abin da ya ba ni, ni na ƙara.

Ya dube ni ya ce, "Wa yat tambaye ka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "To ka ja bakinka. Ba ga shi an kama shi ba?"

A kwana na tara ina zaune a zauren alƙali, inda nakan jira ko za a ba ni saƙo, sai ga Buda mahauci ya shigo. Buda ɗan ƙanwar uban Alu ne, wato taubashinsa. Mutum ne mai shiru, yana da i'ina, shi ya sa ba ya son magana. Shi ya ɗauki makarar Alu ta gaba ranar jana'iza. Ya durƙusa, ya ajiye wuƙa naɗe cikin tsumma a gaban alƙali. Ba zan kwaikwayi i'inarsa ba, zan faɗi abin da ya ce kawai.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ni nik kashe Alu."

Alƙali ya ce, "Buda, kana cikin hankalinka?"

"Ina ciki."

"Mi yai maka?"

"Dariya."

Alƙali ya ce ya yi bayani. Buda ya ce tun suna yara Alu ke kwaikwayon maganarsa. In mai saye ya zo, kafin Buda ya gama faɗin kuɗin nama, Alu ya riga ya tsaya a bayansa yana maimaitawa, kasuwa tana dariya. Bawana yake kiransa. Kun san al'ada: tsakanin taubasai ba a fushi. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariya na biyu. Sau ɗaya ya kai ƙara wurin uwarsa yana yaro, ta ce masa wannan ai zumunci ne. Daga nan bai ƙara gaya wa kowa ba, shekara wajen talatin. In Alu ya yi, shi ma sai ya yi murmushi.

A makon da abin ya faru 'yar Buda ta rasu. Ranar da ya dawo kasuwa, Alu ya ja shi bayan shinge ya nuna masa wani sa, ya yi masa gaisuwar rasuwa. Buda ya buɗe baki zai amsa, maganar ta maƙale. Sai Alu ya amsa masa da irin muryarsa, ya yi dariya.

Alƙali ya ce, "Ƙila so yake shi sa ka ka saki rai."

Buda ya ce, "Na sani. Ba mugu na ba."

"To hushi ya kwashe ka ke nan."

"A'a, Malam. Hushi ya ƙare tun da daɗewa. Ya dai ɗaga kai yana dariya, sai nig ga wurin."

"Wane wuri?"

Buda ya sa yatsa a maƙogwaronsa, daidai inda mahauci ke ɗora wuƙa.

Aka tambaye shi dalilin da ya juya shi gabas. Kamar bai taɓa tunanin abin ba, sai ya ce hannu ne ya saba. Ya ce bayan nan ya wanke wuƙa, ya koma rumfa ya sayar da sauran naman, ya ci tuwo, ya yi barci irin wanda ya daɗe bai yi ba.

Alƙali ya ce, "Tausayin baƙon da anka kama ya kawo ka?"

Ya ce, "Ina dai jin ba daɗi. Amma ba shi na ba."

"To mi?"

"Waƙar ga da suka yi. Kullum a kunnena, a bakin rumfata. Wai an yi ta gurzawa. Ban wahalshe shi ba, Malam. Sau guda nij ja."

Na ga masu laifi da yawa a zauren nan, masu kuka da masu rantsuwa. Ban ga wanda ya tsorata mutane kamar Buda ba, domin babu abin tsoro a jikinsa ko kaɗan. Yana zaune kamar wanda ya zo shaidar cinikin akuya. Magatakarda ya kasa ci gaba da rubutu. Kowa a wurin yana da taubashi.

Na ɗauka a ranar za a ba ni shela. Ba a ba ni ba. A da, in an yanke hukuncin kisa a cikin mako ake sanar da gari. Yanzu an ce shari'ar rai sai Bature ya gani, sai takarda ta tafi ta dawo, kuma kafin nan kada a ce komai. Takarda ta yi wata biyu. Kafin ta dawo dangi sun zauna. Masu jinin da mai laifin gida ɗaya ne, kakansu guda. Suka yafe, aka yanke wa Buda ɗauri, aka kai shi wani gari. Dattawan gidan suka roƙi a rufa musu asiri, kada a buga ƙarfe da sunansu a kasuwar da suke ci. Aka ga roƙon bai yi yawa ba. Aka ce wa mutane Buda ya tafi fatauci kudu. Bayan shekaru ya dawo, ya koma rumfarsa, kuma na sha ganin masu rera waƙar nan suna layi suna sayen nama a hannunsa.

Saura Arzika. Wata safiya aka buɗe masa ƙofa aka ce ya tafi, ba shi da laifi. Ba a gaya wa kowa ba, har matarsa. Sunanta Tumba, daka take yi a gidajen mutane, ba ta faɗin ko matar wane ce. Ta je da kunu gidan yari aka ce mata alƙali ya sallame shi, ya fita shekaranjiya. Ta duba zauren da suka sauka, mai gidan ya ce ya zo, amma bai bar shi ya shiga ba. Ta duba mahauta, aka ce an gan shi an jefe shi. Mutane cewa suke ya tsere ne da asiri.

Ta same ni a ƙofar gidana da hantsi, ta durƙusa daga nesa, ta ajiye wani sabon faifai da ta saƙa.

Ta ce, "Mai shela, cigiya nika so."

Cigiya ita ce shelar talaka. Wanda jakinsa ya ɓace, ko ɗansa, yakan zo mu zaga mu tambaya masa. Ita ba a buga mata ƙuge, da baki kawai ake yi.

Na ce, "Mi ya ɓace?"

Ta ce, "Mai gidana."

Mace ba ta faɗin sunan miji. Ni na faɗa, ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta kamanninsa kamar yadda aiki ya tanada. Ta ce dogo ne, baƙi, da tsaga a kumatu. Sannan ta ce yanzu an ce ido ɗaya ne, hannun dama kuma ba ya miƙewa, amma ita ba ta gan shi a haka ba.

Ta ce, "Kuma ka ce ba shi yay yi ba. Alƙali ya sallame shi. In ba ka ce ba, wanda duk yag gane shi kashe shi za ya yi."

Wannan ba a ba ni ba. Na ce mata zan faɗa.

Na fara daga kasuwa, tana biye da ni daga nesa. Na tsaya inda na saba tsayawa, iska a baya, katanga a gaba. Ba ƙarfe, saboda haka taɓare ba su tsaya ba, masu ciniki ba su juyo ba sai da suka ji sunan. Na faɗi kamanninsa, na ce wanda ya gan shi ya kawo labari. Sannan na ce alƙali ya bincika, ya sallame shi, ba shi ya kashe Alu ba.

Wani mai sayar da igiya ya ce, "In ji wa?"

Wani ya ce, "Ina ƙugen?"

Aka yi dariya. Sai wani dattijo, ba da wasa ba, ya matso ya ce, "To ɗana, in ba shi na ba, wa na?"

Rumfar mahauta tana gabana. Wan Buda yana tsaye da wuƙa a hannu yana dubana, 'ya'yan Alu biyu suna gefensa. Na san amsar, na ji ta da kunnena. Aikina ke nan tun ina saurayi, in faɗi abin da na ji yadda na ji shi. Amma sai na maimaita cigiyar sau biyun da suka rage, na wuce.

Haka aka yi a kara, haka a Ƙofar Marke. A can wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce in an gan shi a ƙone shi. Yara suka biyo mu da waƙar. Ba wanda ya ce ya gan shi a ranar, ba kuma wanda ya zo daga baya. Har yau ban san inda Arzika ya ƙare ba.

Da na gama ta ƙarshe a Ƙofar Kware rana ta yi tsaka. Tumba ta matso, karo na farko ta dube ni a ido.

Ta ce, "Ka ƙare?"

Na ce, "Na ƙare. Daga kasuwa har nan, sau uku-uku."

Ta ce, "Na ji. Amma rannan da ƙarhe kaf faɗi."

Ta gyara ƙwaryarta a ka, ta fita ta ƙofar, ta bi hanyar arewa ita kaɗai.

Washegari Baba Sambo ya ba ni shelar haraji. Na ɗauki ƙuge na buga a tsakiyar kasuwa. Taɓare suka yi shiru, kowa ya fito ya ji.